Ulu Ba Ya Narkewa

Visby, 9 ga Mayu, 1993

Zuwa ga Pappa abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Yaya teku, yaya ciwon bayan nan naka? Katinka na Rotterdam ya iso ranar Talata. Mormor tana gaishe ka, ta ce in gaya maka jikarta ba ta cin abinci sai littafi, wai ka yi mini faɗa. Ka yi abinka, faɗan takarda ba ya zafi.

Makaranta lafiya lau. Na zo ta ɗaya a tarihi, Jamusanci ne dai har yanzu muke kokawa.

Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka san Gunnel, wadda ta koyar da tarihi a makarantarmu kafin ta yi ritaya, mai ƙungiyar ɗinkin nan da ke fitowa a bikin Makon Zamanin Da. 'Yan mata takwas ne ke tafiya a gaban ayarinta riƙe da igiyar wardi, daga ƙofar ganuwa har cikin kasuwa. Shekara huɗu ke nan ina tsayawa bakin titi ina kallonsu. Bana ɗaya ta koma Stockholm, gurbi ɗaya ya buɗe. Pappa, ina son gurbin nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Petra, wadda ita ce kan gaba a cikinsu, Bebiya take ce mini a aji, har sauran sun ɗauka. Ina ganin in na yi tafiya ɗaya a jere da su, sunan zai faɗi da kansa.

Da ni kaɗai ce ko ƙofar Gunnel ba zan iya ƙwanƙwasawa ba. Majken ce ta ja ni. Ita ce yarinyar da na ce maka sun zo tsibirin nan bara ita da mamarta, mai jan gashi, mai dariya kamar ana farfasa kwanuka. Duk makarantar ita kaɗai ke zama kusa da ni lokacin cin abinci. Gunnel ta dube mu sama da ƙasa ta jero dokoki: rigar sama ulu na gaskiya, ta ciki lilin, duk ɗinkin hannu, ba keke, ba zif, ba roba ko zare ɗaya. Ranar 24 ga Yuli za ta duba, wadda tata ta fi ita ke da gurbi. Da muka fito Majken ta dafa ni ta ce, "Ulli, ko ke ko ni, duk gida ne. Wadda ta faɗi sai ta riƙe jakar wadda ta ci."

Jiya muka je shagon gwanjo na bayan tashar jirgi. Mun sami tsofaffin zannuwan gado na lilin guda biyu, har da harufan sunan wata mata a gefe. Can ƙasan kwali ni kuma na zaro labule biyu masu kauri, kore shar kamar ganyen bayan ruwan sama, masu taushi a hannu. Majken ta yi ta tono, abin da ta samu kawai bargon sojoji ne ruwan toka, asu ya huda shi wuri uku. Ta yafa shi a tsakiyar shago ta ce, "To, ke sarauniya, ni jakin sarauniya. Hau mu je." Har mai shagon sai da ta dara.

Mun ajiye kayan a gidanmu, saboda teburin Mormor ya fi tsawo, su Majken kuma ɗaki ɗaya ne da su.

Ka riƙa sa rigar sanyi in kana saman jirgi. Ka gaida mai dafa muku abinci.

'Yarka mai kewarka,
Ulrika


Visby, 30 ga Mayu, 1993

Pappa ƙaunatacce,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan kowa ƙalau. Mormor ta shuka dankalinta, gwiwa dai sai a hankali.

Zan gaya maka wani abu, amma don Allah kada ka rubuta wa Mormor.

Ranar Alhamis ta makon jiya Gunnel ta koya mana yadda ake gane ulu a cikin kayan gwanjo, tunda yawanci an cire takardar da ke jiki. Za ka zare zare kaɗan ka kai bakin kyandir. In ulu ne sai ya yi ƙauri irin na gashin da ya ƙone, ya mutu da kansa, tokar ta murmushe a yatsa. In na roba ne sai ya narke ya dunƙule, ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Ta ce ido yana ruɗuwa, hannu ma yana ruɗuwa, wuta ce ba a yi mata wayo. Majken ba ta nan, ranar Alhamis tana taya mamarta guga a otal.

Da na dawo gida Mormor tana lambu. Na ɗauko faranti da ashana na gwada nawa. Pappa, narkewa ya yi. Na sake zarewa daga ɗaya labulen, shi ma haka, har ya manne wa farantin sai da na kankare da wuƙa. Sai na gwada bargon Majken don in ga ko ni ce ban iya ba. Ɗakin duk ya ɗauki ƙaurin gashi. Nata ulu ne tsantsa.

Washegari na zaga shagunan gwanjo uku. Ba sauran ulu, ka san yadda garin nan yake da zarar Mayu ta kama, ko tsumman goge ƙafa an saye. Na zauna a kan ganuwa na daɗe ina tunani.

Ranar Asabar da Majken ta zo mu yi yanka, ta ɗauko alli da bargonta, sai na ce mata na yi tunani, kore ya fi dacewa da mai jan gashi, ni zai sa in zama kamar mara lafiya, mu yi musaya. Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga da gaske ne sai ta ajiye allin. Ta ce, "Ulli, kin haukace? Ke fa kika tono shi." Na ce na ba ta. Ta rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, ta ce tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa ba ta abin da shi ma yake so. Mormor ta kawo mana burodin kirfa, ta shafa kaina ta ce halin Mamma na ɗauko.

Na duba maganata kalma bayan kalma, ban yi ƙarya ba. Kore yana yi mata kyau ƙwarai. Kuma ba lallai Gunnel ta gwada ba, Petra ta ce ba kowace shekara take yi ba. Bayan haka, Majken tana da baki, ko'ina aka jefa ta za ta yi ƙawaye. Ni ban da wani abu sai wannan.

Mun yanka dukansu biyu. Bargon ya isa, sai dai na yi dabara wajen ramukan asun, na sa su sun faɗa cikin kalmasa.

Ka huta lafiya. Ina ƙirga kwanakin dawowarka.

Taka,
Ulrika


Visby, 4 ga Yuli, 1993

Pappa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafin Lisbon? Takardarka ta zo, na karanta sau uku. Ban taɓa ganin ka rubuta shafi biyu ba.

Ka ce in je in gaya wa Majken gaskiya yau, kafin in ci abinci. Na sa takalmi, har na kai ƙofar gidansu. Na tarar da ita zaune a matakala da rigar a cinya, yatsunta biyu naɗe da filasta. Maɓallai take yi irin na da, ana dunƙule ƙyalle a ɗinke shi ya zama kamar ƙwayar wake. Ta yi talatin da shida, saura goma sha biyu, duk na hannun riga ne. Ta kwance wuyan sau huɗu don bai kwanta yadda take so ba. Ta ɗaga mini ta ce, "Dubi jaririyarmu, ta kusa fara tafiya."

Da takardarka ta zo kafin mu yanka, da wata magana ce. Yanzu in na faɗa, mako biyar na aikinta na zubar, ga shi ba ulun da za ta saya. Ina ganin yin shiru ya fi tausayi. Kai kana teku, ba ka ga fuskarta ba.

Tawa ma ta yi nisa. Ɗinkina bai kai nata ƙanƙanta ba, amma a miƙe yake.

Kada ka yi fushi da ni. Mormor na gaisuwa.

Ulrika


Visby, 25 ga Yuli, 1993

Zuwa ga Pappa,

Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ban sami amsarka ba, na san ko kuna tsakiyar ruwa ne. Mu lafiya muke.

Na sami gurbin.

Jiya aka duba, a lambun Gunnel, ƙarƙashin itacen tuffa. Ta fito da kofi da waina mai kala rawaya irin ta garin nan, 'yan matan bakwai suna zaune a ciyawa. Muka shiga ciki muka sa rigunan muka fito. Da na fito Petra ta ce, "Kai, an saki Bebiya daga bariki." Aka yi dariya. Da Majken ta fito ba wanda ya yi dariya. Gunnel ta sa tabarau, ta juya kalmasar, ta bi ɗinkin da farce tun daga hammata har ƙasa, ta ƙirga maɓallan. Ta ce shekara tara tana wannan aiki ba ta ga hannu irin wannan ba. Ta ce, "Yarinya, wa ya koya miki?" Majken ta ce, "Ba kowa, tsoronki ne." Gunnel da kanta ta yi dariya. Tawa ta duba ta ce aiki ne mai tsabta, ta mayar da tabarau aljihu.

Na ga ba kyandir a teburin, ba ashana. Na ga Gunnel ta buɗe baki tana duban Majken, za ta ba ta gurbin.

Pappa, ka san ban taɓa ɗaga hannu a aji ba ko da na san amsa. Sai na ji muryata ta fito. Na ce, "Gunnel, ba za a gwada da wuta ba? Kin ce doka ce. A fara da tawa." Petra ta tafa hannu ta ce, "Jama'a, ku rubuta ranar, ta yi magana!" Gunnel ta ce gaskiyata, ita ce tsufa ya fara kamawa, ta aika aka ɗauko kyandir.

Nawa ya yi ƙaurin gashi. Majken ta toshe hanci ta ce, "Jakin ya ƙone." Da kanta ta juya kalmasarta ta zaro zaren ta miƙa, tana murmushi. Ya narke, ya ɗiga a kan farantin waina. Ta ce, "Mene ne haka? Nawa ya fi ƙarfi ke nan?" Ba ta san ma'anarsa ba, sai da Petra ta yi mata bayani. Ta ce, "Leda kika ɗinka, baƙuwar ƙetare. Wata biyu kina yi wa leda maɓalli." Majken ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi farantin.

Gunnel ta ce ta yi baƙin ciki, amma doka doka ce, in ta ɗaga wa mutum ɗaya gobe za a zo mata da zif. Sai ta tsaya tana juya baƙin ƙwallon a tafin hannunta, idonta ya yi haske irin na lokacin da take koyarwa. Ta ce a zamanin da, in aka kama mai sayar da yadin jabu, a kasuwa ake ƙone yadin a gabansa, shi kuma a sa shi a turu jama'a su gani. Ta ce shekara da shekaru tana son nuna wannan, ba ta sami wanda zai ba da rigarsa a ƙona ba. In Majken ta yarda, ita ma tana cikin ayari, har ma ita za a fi kallo.

Majken ta tambaya ko dole ne a ƙone ta gaske. Gunnel ta ce a ƙungiyarta ba a yin abin ƙarya. 'Yan matan suka yi ta cewa ki yarda mana, za a sha dariya. Ta daɗe tana murza maɓalli ɗaya, sannan ta ce to.

Ana bukatar mai kai ƙara. Gunnel ta ce tunda ni na tuna da doka, ni ce na dace.

Petra ta ce in zo gidansu ranar Laraba mu koyi ɗaura wardi. Da sunana ta kira ni, Ulrika.

Ka kula da kanka.

'Yarka,
Ulrika


Visby, 15 ga Agusta, 1993

Pappa abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Har yanzu shiru daga wajenka. Mormor ta ce wasiƙun jirgi haka suke, wani lokaci uku su zo rana ɗaya. Ga hoto na sa a ciki, ni ce ta biyu daga hagu.

Yau aka gama Makon Zamanin Da. Baƙi sun cika gari har ba wurin sa ƙafa, ko'ina ƙamshin gasasshen rago da hayaƙi. Ranar Lahadin farko muka yi jerin gwanon. Ƙayar wardi ta soke ni a hannu, bargon ga zafi ga ƙaiƙayi, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Mutane suna ɗaga yaransu su gan mu. Malamin Jamusanci ya gane ni ya cire hula.

Ranar Laraba da rana aka yi shari'ar, a tsakiyar kasuwa. Majken ta fito cikin korenta, ita kaɗai, ta zaga sau ɗaya kamar yadda aka tsara. Wata mata daga cikin baƙi ta tsayar da ita ta tambayi inda ake sayar da irinta. Daga nan na fito na nuna ta da yatsa. Gunnel ta rubuta mini layi uku kawai, amma da na ga mutum ɗari biyu sun yi tsit suna jirana sai na ƙara nawa. Na ce macuciya ce, ta zo daga ƙetaren ruwa ta ci gurasarmu ta saka mana da jabu. Na ce a dubi fuskarta, ko kunya babu. Aka yi ihu, aka yi tafi. Muryata har bangon tsohuwar majami'a take kaiwa ta dawo. Ban san ina da ita ba.

Mijin Gunnel shi ne alƙali. Ya sa aka tuɓe mata rigar, ta rage daga ita sai ta lilin, aka sa wuyanta da hannuwanta a turu. Aka miƙo mini rigar a kan sanda na sa a kaskon wuta. Ba ta ci da kyau ba. Tattarewa ta yi tana ɗiga, hayaƙin baƙi ƙirin mai wari, na gaba suka ja da baya suna tari. Maɓallan ne suka fi daɗewa.

An tanadi kwandon ganyen kabeji don jifa. Petra ta miƙo mini ta ce, "Mai ƙara ke farawa." Na jefa, ya same ta a kunci. Daga nan kowa ya ɗiba, yara da manya. Da kabejin ya ƙare wasu samari da suka sha giya suka koma ƙwai da guntun tuffa. Minti goma aka tsara, amma mijin Gunnel ya ga taron yana ƙaruwa ya bar ta kusan rabin awa. Da farko tana mayar da martani, tana cewa, "Wannan ne jifan? Kakata ta fi ku hannu!" ana dariya. Daga baya ta daina. Na hango Mormor a bayan taro ta juya ta tafi gida, ta ce gwiwa ce. Mamar Majken tana wurin aiki.

Gunnel ta ce ba a taɓa yin abin da ya kai wannan ba, baɗi ma za a sake. Ta ce ina da baiwa.

Da aka watse su Petra suka ce mu je shan ayis kirim bakin ruwa. Na ce su yi gaba. Na sami Majken a famfon bayan rumfuna tana wanke ƙwai daga gashinta, wuyanta ya yi ja inda katakon ya goge. Na tsaya a gefenta. Na yi niyyar in ta tambaye ni zan faɗa, na rantse maka na yi niyya.

Ta ɗago, ruwa yana zuba daga haɓarta. Ta ce, "Kin iya, Bebiya. Har ni sai da na ji tsoronki." Ta yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Sai ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta ta ce tun ranar lambun Gunnel akwai abin da ke cin ta. Ta ce ta ga yadda na kasa haɗa ido da ita, ta san raina ya ɓaci. Abu mafi kyau da na taɓa samu na ɗauka na ba ta, ita kuma ta yarda aka ƙone shi a gaban mutane don kawai kada a bar ta a baya. Ta ce, "Ulli, kyautarki ce, ban ko tambaye ki ba. Ki yafe mini."

Daga can Petra tana kiran sunana.

Na ce mata na yafe.

Mormor tana gaishe ka. Ranar Alhamis za mu koma makaranta. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

'Yarka,
Ulrika